Wakilin Yaya a Ofishin Likitar Magana

A layin kafintoci ana cewa Yaya Babba bai taɓa zuwa ko'ina da ƙafarsa ba in dai akwai wanda zai aika. Mai sayar da soso ya ce ko gaisuwar mutuwa aikowa yake yi. Mai fenti ya rantse cewa da ana karɓar wakili a wurin aski, da tuni wanzami ya manta kamanninsa. Matarsa kuwa in an tambaye ta lafiyarsa, sai ta ce, "Yana nan. Ai kuna jin muryarsa."

Wanda ake aikawar ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mutum mai furfura a gemu da 'ya'ya a sakandare. Ana kiransa To-Yaya, domin ba a taɓa jin ya ba wansa wata amsa ba sai ita. Shi ke yanka katako, shi ke ja wa kujeru yadi, shi ke bin kwastoma har gida ya ba shi haƙuri idan Yaya ya zage shi. Wani kamfanin kayan ɗaki ya daɗe yana zawarcinsa, kuma kowa a layin ya san ranar da ya tafi, shagon ya mutu. Yaya kaɗai ne bai sani ba.

Wata rana Yaya yana tsakiyar masifa jiri ya ɗebe shi, ya zube kan tulin soso. Likitan asibiti ya ce jini ne ya hau, ya rubuta magani, ya ƙara da cewa maganin ba zai kama ba muddin yana tashi da faɗa yana kwanciya da faɗa. Ya ba shi lambar wata mata da ta karanci halayyar ɗan Adam, mai ofishin kanta, wadda ake zuwa a zauna a yi magana da ita.

"Magana?" in ji Yaya. "In biya don in yi magana? Ni da nake yin ta kyauta tun safe?"

Amma matarsa ta kafe, ta buga waya ta kama masa lokaci. Da ranar ta zo, sai ya kira ƙanensa.

"Ka je ka ce mata ba na barci, kaina na sarawa, kuma duk mutanen da ke kewaye da ni sakarkaru ne. Abin da ta bayar ka karɓo."

"To, Yaya."

Ofishin yana saman wani shagon tabarau. Kujeru biyu ne a ciki, da ɗan tebur, da tukunyar fure a bakin taga. Matar ta gaishe shi, ta nuna masa takardar shaidar aikinta a bango, ta ce ya kamata kowa ya duba kafin ya zauna. Ta ce ita ba ta ba da ƙwaya. Abin da aka faɗa a ɗakin a ɗakin yake zama, sai fa in ran wani na cikin haɗari. Zaman farko na sanin juna ne, in bai gamsu da ita ba yana iya neman wani, ba za ta ji haushi ba.

To-Yaya ya saurara cikin ladabi har ta gama, sannan ya ce, "Ranki ya daɗe, ai ba ni ba ne mai ciwon. Wakili ne ni."

"Ba na ganin mutum ta hannun wakili," ta ce. "Kan da ke sarawa shi ake kawowa."

Ya miƙe zai tafi, sai ya tuna fuskar da za ta tarye shi in ya koma da wuri hannu wofi. Ya sake zama a bakin kujera.

"Lokacin dai an riga an kama shi," in ji ta. "Kai ya kake barci?"

Ya waiga, ko da wani take magana. Ya ce lafiya lau. Ta yi shiru. Ya ce wato dai wani lokaci yakan farka da muryar Yaya a kunnensa. Ta sake yin shiru. Daga nan bai ankara ba sai da ta ce lokaci ya cika, ya tarar da kansa a jingine sosai, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

A bakin ƙofa ta ce, "In za ka dawo, ka gaya wa wanka gaskiya. Kai nake gani, ba shi ba."

Ya kuwa gaya masa.

"To ai kai na aika," in ji Yaya. "Wa za ta gani? Me ta bayar?"

"Ta ce in dawo mako mai zuwa."

"Ka koma. Irin wannan ciwo ba ya fita rana ɗaya."

Haka To-Yaya ya riƙa zuwa. Yaya kuma ya shiga ba da labari a layi cewa tun da ya fara ganin likitar maganar nan jikinsa ya yi sauƙi. Har ya shawarci mai fenti da ya gwada, ya ce abin ba ya cin lokaci ko kaɗan.

Rannan wata kwastoma ta zo ta ce kalar yadin ba ita ta zaɓa ba. Yaya ya ce idonta ne ke da matsala, ya haɗa da mijin da ya bar ta ta fito. Ta fice tana hawaye. Ya juya ya ce, "Kai, bi ta ka ba ta haƙuri."

To-Yaya ya ajiye guduma.

"A'a, Yaya. Wanda ya yi zagin shi zai je."

Mai soso da ke wucewa ya tsaya da katifa a ka.

"Me ka ce?"

"Na ce a'a. Kuma ƙarshen wata zan koma kamfanin can. Na gaji da shan zagi a gaban mutane, in kuma je in wanke wanda aka yi wa wasu."

Washegari aka ga abin da ba a taɓa gani ba. Yaya Babba ya hau matakalar shagon tabarau da kansa, yana haki. Mai fenti ya ce sai da ya goge idonsa da tsumman aiki.

"Ke ce likitar?" ya faɗa tun daga ƙofa. "Na aiko miki yaro lafiyayye, kin maido min shi da a'a a baki! Me ya gaya miki?"

"Barka da zuwa. Ba zan yi maganarsa da kai ba."

"Ni fa ke biya!"

"Zaman ka biya. Abin da aka faɗa a zaman ba na sayarwa ba ne."

Sai ya faɗa kan kujera. Ya danna hannunta, ya taɓe baki. "Wa ya yi miki wannan? An cuce ki. Soson ya mutu."

"Za a duba," ta ce. "Ba zan iya riƙa ganinku ku biyu ba, amma zan haɗa ka da wani abokin aikina in kana so. Tunda dai ka hawo, bari in tambaye ka abu ɗaya. In ya tafi, me za ka rasa?"

"Ma'aikaci mana."

Ta yi shiru. Yaya ya jure komai a duniya ban da shiru. Ya gyara zama, ya yi tari, ya dubi furen.

"Hannunsa dai yana da kyau," ya ce. Shiru. "Ni na koya masa riƙe zarto, yana tsayawa kan akwati kafin ya kai tebur." Shiru. Muryarsa ta sauka. "A cikin 'yan ɗakinmu shi kaɗai ya rage min."

Ya share fuska da tafin hannu, ya miƙe da karsashi. "To, shi ke nan. In ya zo ki ce masa na ce ya yi haƙuri."

"Ba a ba da haƙuri ta hannun wakili," in ji matar.

Ya koma gida ya ce matarsa ta je ta ba ƙanen haƙuri. Ta ce ita ba ta zagi kowa ba. Ya samu mai soso, shi kuma ya ce bayansa na ciwo. Mai fenti ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Yaya, wa za ka aika wurin ɗan aike?"

Ya daɗe tsaye a tsakiyar layi, yana duban hagu da dama ko Allah zai jefo wani. Masu shaguna duk suka duƙa kan aikinsu kamar an sa su.

Ya shiga shago. To-Yaya yana durƙushe yana ware kayan aikinsa daga na shagon, yana jera nasa cikin jaka. Yaya ya tsaya a kansa, ya ce zarton can ya dakushe. Ya ce ana zafi yau. Ƙanen bai ɗago ba.

Sai Yaya Babba ya jawo benci ya zauna, har kansa ya zo daidai da na ƙanensa. Ya buɗe baki ya yi magana, har mai fenti ya ji daga ƙofa.

"Ƙanena, na cuce ka shekara da shekaru. Ko za ka tafi ko za ka zauna, ka yi haƙuri. Ka yafe min."