Sharar da Aka Yi wa Masu Awo

Bayan layin gidaje na ƙarshe akwai wani kwari mai idon ruwa, kuma tun Goggo tana amarya ba ta taɓa jin an ce na wane ne ba. Na mata ne dai, in za a faɗi gaskiya. Maza suna ganin abin da ke fitowa daga cikinsa, riga wankakkiya, ganyen miya, ruwan randa, amma a tambaye su ta ina ake gangarawa sai su hau sosa ƙeya.

Shekara arba'in da ɗoriya Goggo tana wanki a wurin. Kowace mace da dutsenta, na Goggo har ya yi kwarmi don shan bugu. Suna da ƙa'ida wadda ba wanda ya rubuta: ba a sa sabulu sama da inda ake ɗiban na sha, ba a saran ɗanyen reshe, ganye kuma a tsinka a bar toho. In ruwa ya ja baya sai su shiga su yashe idon, laka har cinya, suna tsokanar juna da zancen mazajensu. Mai jego ta ajiye jariri a inuwa, duk wadda hannunta ya bushe ta ɗauka. Lokacin da mijin Goggo ya rasu, a wannan kwarin ta fara yin dariya, ta kuwa ji kunya, matan suka yi kamar ba su ji ba. Kai, an sha zama mai daɗi a wurin nan.

Sai hukuma ta kira taro, na masu gida zalla. Aka ce za a turo masu awon fili: in an tarar jama'a na amfani da kwarin, a bar wa unguwa, in babu, a ba wani kamfanin buga bulo. Ƙanin mijin Goggo ya halarta. Da ya dawo, abin da bawan Allah ya iya faɗa mata kawai shi ne manyan baƙi za su zo ganin kwari ranar Laraba. Sauran bayanin bai ga ya shafi mata ba.

Goggo kuwa ba ta wasa da zancen baƙo. A ce manyan mutane su zo su tarar da tsummoki da ƙananan kayan mata a kan igiya? Ta rantse ba da ita ba. Ta tara matan, kwana biyu suna abu ɗaya. Aka kwance igiyoyin shanya, aka tuge turaku aka cike ramukan. Aka mirgina duwatsun wanki cikin ciyawa, har da nata. Gwangwanaye, tsoffin bokitai, murhun da suke dafa ruwa, duk aka kwashe, aka bi da tsintsiya har kan hanya.

Mace ɗaya ce ta yi magana, matar tela, wadda ake ce wa Mai Tsiwa. Ta ce su gan mu yadda muke mana, wanki sata ne? Goggo ta ce yaran yanzu ba su san kara ba, ta kuma kafa doka: ranar Laraba kada wadda ta gangara da jiƙaƙƙen zane ta ba su kunya. Aka bi maganarta, don ba a saba ƙetare ta ba.

Masu awo suka zo, suka zaga, suka ɗau hoto, suka tafi. Bayan wata uku aka kewaye kwarin da waya.

Goggo ta ja Mai Tsiwa suka tafi ofishin filaye. Suka wuni a kan benci kafin akawu ya kira su. Mutum ne mai ladabi, har kujera ya ba ta. Ta zayyana masa komai, yasar ido, duwatsu, shekarun da suka yi. Ya saurara har ta gama, sannan ya buɗe fayil ya karanta mata abin da masu awo suka rubuta: fili ne wanda ba kowa, babu alamar ana amfani da shi. Ya zaro hoto ya tura gabanta.

"Iya, duba da kanki. Kin ga alamar mutum a nan?"

Ta duba. Ruwan nan garau, ƙasa fes, ko tsinke babu. Tunda take ba ta taɓa ganin kwarin ya yi kyau haka ba, kuma kyan nan aikin hannunta ne. Ta jira Mai Tsiwa ta ce ai na faɗa, amma yarinyar ta dafa mata kafaɗa kawai.

"Babu, ɗana," in ji Goggo. "Mun share."

Akawu bai gane ba. Ya miƙo hannu zai karɓi hoton, ita kuwa ta ƙi saki. Ta tambaye shi ko zai bar mata shi, tunda yanzu ba ta da inda za ta tsaya ta ga wurin. Ya ba ta haƙuri, ya ce na fayil ne.