Doguwar Bisimillar Baba

Abin da Baba ya tsana a duniya shi ne roƙo. Tun da idonsa ya yi rauni, rimot ukun da ke falo suka gagare shi: na talabijin, na dikoda, na sifika. Maimakon ya kira wani ya kunna masa labaran rana, sai ya ce wai shi labarai sun fita ransa. Kowa a gidan ya san cika baki ne.

Abin ya tsaya wa 'yarsa ta fari a rai, wadda ake kira Injiniya saboda shagonta na gyaran kayan lantarki. Ta samo rimot mai koyon umarni, ta haɗa shi baki da baki da tsofaffin, ya kwashe aikinsu. Jan maɓalli guda, ƙato, shi zai kunna komai. Ta gwada sau goma, lafiya lau.

Baba ya danna. Talabijin ya kawo haske, ya ɗauke.

"Uwata, wannan ne gyaran da ake yabonki a kai?"

Ta canza batir. Ta ƙara tazara tsakanin umarni da umarni zuwa daƙiƙa biyu, ko tsohon talabijin ɗin nauyin tashi gare shi. A hannunta ras, a hannun Baba ya ƙi. Rana ta uku ya ture rimot ɗin gefe, ya ce a bar shi, dama hannun tsoho ba ya abin kirki. Wannan maganar ta yi mata zafi ƙwarai.

Ta buɗe kyamarar wayarta, domin ido ba ya ganin hasken da rimot ke fitarwa, amma kyamara na gani.

"Baba, don Allah sau ɗaya kawai."

Ya gyara zama, ya ɗora babban yatsa, ya fara bisimilla a tsanake, yana jan kowane harafi. Bai ɗaga yatsan ba sai da ya kai ƙarshe. A fuskar wayar hasken ya ƙyafta, ya huta, ya sake ƙyaftawa. Umarnin da ke kunnawa shi ne ke kashewa, ga shi yana fita sau biyu.

Dariya ta ƙwace mata har da hawaye. Da ta yi masa bayani, ya harare ta.

"Shekara saba'in ban taɓa gajarta bisimilla ba. Sai don wannan akwatin?"

"Wane ni, Baba! Rimot ɗin ne zai koyi ladabi."

Ta saita shi ya aika umarni sau ɗaya tak, ko za a wuni ana danne da shi.

Washegari da rana tana kicin ta ji ya ƙwala mata kira. Ta taho da gudu. Ta tarar labarai na tashi, Baba ya harɗe ƙafa, rimot a cinya.

"Me ya lalace kuma?"

"Ba komai," ya ce, yana nuna mata kujerar da ke gefensa. "Zo ki zauna mu kalla. Ni na kunna."