Ragar Kurfotin Tagwa

Malam Hamad tsohon mai hura wutar jirgin ƙasa ne a Sudan. Da zama ya kawo shi unguwar Arba wa Nus, sai ya ƙera 'yar tarakta mai tafiya da tururi, girmanta kamar akuya. Wata Juma'a ragar ƙarfen da ke riƙe garwashinta ta cinye, wuta ta zube. Ya zauna jugum, ko abinci ya ƙi ci.

Matarsa Tagwa ta ciro ragar kurfotin da take dafa gahawa, ta miƙa masa.

"Malam, gwada wannan."

"To, gahawarki fa?"

"Ma'alish, ba komai, maƙwabta suna da wuta."

Ya rage gefenta da magagari, ta zauna daram. Da tururi ya taso, Tagwa ya bari ta fara jan usur ɗin taraktar, tana ta dariya.