Dutsen da Ba Ya Bushewa

Masu hawan duwatsu suna ce masa Mai Kunne. Wasu sun ce hira yake da dutse, wasu sun ce tsufa ne kawai. Amma ko sarkin gardamar cikinsu ba ya shimfiɗa katifar faɗuwa sai dattijon ya ƙwanƙwasa dutsen, ya kara kunne, ya tona ƙasar gindinsa da yatsa. In yatsan ya fito da laima, sai a naɗe kaya. Irin wannan dutsen, in ji shi, bayansa ke fara bushewa bayan ruwa, cikinsa kuwa sai ya kwana biyu a jiƙe. Kana rataya a jikinsa ya ɓalle maka a hannu.

Dutse ɗaya ne ba ya zuwa wajensa, wanda ƙanensa ya faɗo daga kansa shekara ashirin da suka wuce, bai tashi ba.

Wata safiya 'yar marigayin ta iso, katifa a baya, jakar alli a ƙugu.

"Baffa, yau dutsen Baba zan hau. Kwana tara ba ruwa, waya ma ta ce rana har Lahadi."

"Ita wayar ta taɓa hawa dutse?"

Ta yi dariya ta wuce. Dole ya bi ta.

Rana tsaka suka isa. Ba iska, ba kukan tsuntsu. Ya durƙusa ya tona, ƙasa a bushe kamar toka. Ya kara kunne, ya ƙwanƙwasa sau uku.

Daga cikin dutsen aka yi ƙwanƙwasa ta huɗu.

Ya ɗaga kai a hankali. Can sama, daidai gurbin da ya ɓalle ranar da ƙanensa ya faɗo, ga shatin tafin hannu, baƙi wuluk da danshi, ruwa na gangarowa daga yatsun. Hannun hagu ne. Ƙanensa bahago ne.

Ita ba ta duba sama ba. Ta shafe hannuwanta da alli, ta dafa dutsen, ta ɗora ƙafa ɗaya.

"Ya bushe, ko Baffa? An ce kai Baba ya tambaya ran nan. Kai kaɗai na yarda da kai."

Haka ƙanensa ma ya tambaye shi ran nan, da ƙafa ɗaya a sama, yana murmushi. Kowa ya ce ƙaddara ce, dattijon kuma ya bar su a haka.

Ya kama gwiwar hannunta ya sauko da ita. Allin tafinta ya koma taɓo.

"Ran nan ban tona ba," ya ce. "Hadari na gani yana haɗowa, ina so mu gama mu tafi. Ido kawai na sa, na ce ya bushe."

Ta tsaya tana kallonsa. Shi kuwa ya juya, ya jingina goshi da dutsen, ya ɗaga murya.

"Ƙanena, bai bushe ba. Ni na cuce ka. Ka yafe mini."