Gwalo a Ƙarƙashin Takunkumi

Annoba ta bar wa kowa a ajinmu tabonsa. Akwai wadda har yau sai ta wanke sabulu kafin ta wanke hannu da shi. Ita kuwa Auta, abokiyar ɗakina, gwalo ta koyo.

Muna ɗaliban ungozoma aka kwashe mu zuwa ɗakin da aka keɓe masu cutar, saboda ma'aikata sun yi ƙaranci. Takunkumi ya rufe mana baki safe da yamma, sai Auta ta gano ba mai ganin abin da bakinta ke yi. Likita ya yi mata tsawa, ta ce to, ta yi masa gwalo. Abin ya bi jikinta.

Da aka cire takunkumi, bakin bai samu labari ba. Ta yi wa mai kanti, ta yi wa direban bas. Ga jarrabawar ƙarshe ta matso, wadda in ta faɗi sai ta maimaita shekara, kuma babbar nas da ba ta san wasa ba ce za ta duba mu. Na riƙa tsayar da ita gaban madubi ina zaginta don ta koyi riƙe harshe. Haushi ya ishe ni, ko zagi biyu ba ta jurewa.

Ranar jarrabawa aka miƙa mata jaririn roba, aka ce ya fito ba ya numfashi. Ta goge shi, ta gyara kansa, ta fara matsa jakar iskar da ake hura masa numfashi da ita, komai daidai. Babbar nas ta ce har yanzu bai yi kuka ba. Sai ga harshe, duk tsawonsa. Ina leƙe daga bakin ƙofa.

"Ni kike wa gwalo?" in ji babbar nas.

"A'a, Mama," Auta ta amsa, hannunta bai daina matsa jakar ba. "A can ɗakin masu cutar, in mutum ya ƙi numfashi haka nake yi don kada in yi kuka. Kuka yana jiƙa takunkumi, kuma guda ɗaya ake ba mu a rana."

Sai babbar nas ta ce jariri ya yi kuka, Auta ta ci jarrabawa, ta iya ajiye jakar.

"Yau ba abin da zai jiƙe, 'yata. Yi abinki."

Auta ta rungume jaririn roba ta fashe da kuka, sai da mutum biyu suka ɓamɓare shi daga ƙirjinta. Ni ce ta gaba a layi, kuma a jiƙe sharkaf na karɓe shi.