Takardun 'Yar Fari

Zaituna 'yar fari ce, don haka uwarta Yabawa ba ta taɓa zaunar da ita ta tambaye ta me take karantawa a jami'a ba. Kunya ta hana. Ɗan abin da ta sani, daga bakin turmi ta tsinto shi, in yarinyar ta zo hutu Gure tana ba kakarta labari.

"Shekarar farko tarihin ƙasashe da taswirarsu, Kaka. Ta biyu dokar da ke tsakaninsu, da yadda suke ciniki. Ga Ingilishi, ga Larabci. Ta uku a tura mu ofis mu ga yadda ake sulhu."

"Amfaninsa fa?"

"In garke biyu suka haɗu a rijiya ɗaya, ai sai da mai cewa wa zai fara jan guga."

"To fara da ni da kakanki, ja'ira."

Zaituna ba ta ga shekara ta ukun ba. Zazzaɓin kwana huɗu ya tafi da ita.

Bayan sadakar arba'in aka raba suturarta. Takardu suka rage, cikin kwali. Adamu, ƙanen mijin Yabawa, ya ɗaga kwalin.

"Yaya, na duba, boko ne zalla, ba sunan Allah. Bari in kai wa Zara mai suya ta ƙunsa ƙosai."

Mata na zaune. Uwa ba ta nuna zafin 'yar fari a gaban mutane. Yabawa ta kafa ido a kan takardar sama, wata taswira mai launi kamar zannuwa a shanya. Sai ta ga kamar yarinyar na tafe bisa tudun rairayi da farin mayafi, tana tsallake layukan nan ɗaya bayan ɗaya ba mai tsayar da ita, wasu dogayen mutane suna miƙewa suna ba ta tabarma.

Adamu har ya kai bakin zaure.

"Ajiye," in ji Yabawa.

Matan suka dubi juna.

"Ajiye, ka karanta mini."

"Yaya, Faransancina na tasha ne."

"Karanta haka nan."

Ya tsuguna, ya zaro ɗaya, ya fara yana tuntuɓe. Yabawa ta jingina da bango, ta rufe ido. Ko kalma ɗaya ba ta gane ba. Da ya kai ƙarshen shafi ya dube ta.

"Juya," in ji ta.