Muryar da Ta Fito a Lasifika

Mu uku ne a shagon, kuma ciki ɗaya muka fito: Yaya mai shagon, ni mai haɗa allunan lantarki da dalma, sai Auta mai rubuta manhaja. Yaya yana da i'ina tun yana ƙarami. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, kuma a gidanmu ko baƙo bai isa ya ƙarasa masa magana ba, balle ya kwaikwaye shi.

Aikin da ke gabanmu na'urar sanarwa ce ta wani asibiti. Allon sautin da na haɗa ba ya jiran a miƙo masa komai. Auta ne ke yanka masa fili a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya ba shi adireshin wurin, allon ya je ya kwasa da kansa. Ba ya tambaya, ba ya zaɓe. Abin da ya tarar a filin nan shi zai rangaɗa a lasifika.

A ƙa'ida fili biyu ake yankawa, ɗaya na ɗaukar murya, ɗaya na fitarwa. Auta, uban 'yan ganda, ya yanka ɗaya ya ce su yi maneji.

Na ce, "Kai Auta, ka dai riƙa share shi kafin ka miƙa wa allon."

Ya ce, "Anti, ke dai ji da dalmarki."

Da safen ranar da mutanen asibitin za su zo, Yaya ya fita tarbo su, mu kuma muka tsaya gwada makirufo. Maimakon ɗan banzan yaron nan ya ƙirga ɗaya, biyu, uku kamar kowa, sai ya gyara tsayuwa, ya runtse ido yadda Yaya ke yi in kalma ta maƙale masa.

"Ba-ba-ba-barkanku da zu-zu-zuwa. A-a-aikinmu ba wa-wa-wasa."

Wallahi kamar Yayan ne a tsaye. Na so in kwaɗe shi, amma dariya ta riga ni. Na yi ta har da riƙe ciki, ina cewa, "Allah ya shirye ka, ƙara!"

Baƙin suka iso, mace ɗaya da maza biyu. Yaya ya sa sabuwar rigarsa, ya yi musu bayani a hankali, yana zaɓen kalmomin da ba sa ba shi wahala. Sannan ya yi wa Auta alama ya kunna sanarwar da muka shirya.

Auta ya danna. Allon ya karɓi adireshi tun sanarwar ba ta sauka a filin ba, ya kwashi abin da ya tarar.

"Ba-ba-ba-barkanku da zu-zu-zuwa."

Innalillahi! A lasifika huɗu, kuma tangaram, don aikina ba ya shaƙewa. Auta ya daskare, hannunsa a kan madannai. Ni na yi tsalle na fizge wayar lasifika, amma kafin nan komai ya fita, har ƙarshe, har da dariyata. Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ɗaya daga cikin mazan ya ƙunshe dariya. Matar ta dubi Auta, ta haɗe rai, ta ce, "Wane ne wannan?"

Yaya bai kalli kowa a cikinmu ba. Ya ce, "Ni-ni ne, Hajiya. Ni na yi gwa-gwajin da safe. Ku yi haƙuri."

Matar ta sassauta fuska, har ita ke ba shi haƙuri. Aka sake kunnawa, sanarwar ta fito daidai, suka yaba, suka tafi.

Auta ya durƙusa tun ƙofa ba ta gama rufuwa ba, yana hawaye. Yaya ya ce masa ya tashi ya raba filin biyu, ya share kowanne kafin ya miƙa. Iyakar abin da ya ce masa ke nan.

Sai ya juyo gare ni. Kalmar ta maƙale masa, ya runtse ido yana kokawa da ita, ni kuwa ina tsaye da waya a hannu, dole in jira ya gama.

"Shi ya-yaro ne," in ji shi. "Ke ce ban ta-taɓa sanin kina yi mini dariya ba."